Yadda Gwaggo Ta Naɗa Yayana Manaja

Kowa a gidanmu ya yi kuskure a kan kalmar nan, kuma kowa da ƙarfinsa ya yi shi. Gwaggo ta ce muƙami ce. Baba ya ce shara da wanke-wanke ce. Maƙwabta suka bi Gwaggo, don fassararta ta fi daɗin ji. Ni kaɗai na ce Ingilishi ce, aka ce in rufe baki, wai ba a sa ni lakwal, wato makarantar boko, don in riƙa gyara wa manya magana ba. To don me aka sa ni? Har yau ba wanda ya ba ni amsa.

Kalmar ita ce maneji. Yayana ne ya aiko mana da ita daga Tchibarakaten, inda ake haƙar zinariya a hamada, kuma yanzu haka da nake wannan rubutu yana zaune a kan tabarma yana cewa duk ƙari nake yi. Shi ya sani.

Mu mutanen Damagaram ne, amma a Arlit aka yanke mini cibi. Baba ya yi shekaru yana shiga ramin haƙar ma'adinai na Akokan, kuma duk tasowarmu an ɗauka Yaya ne zai gaje shi, da hular kwano da fitilar goshi da komai. Sai aka rufe ramin. Baba ya dawo gida ya zauna da Faransancinsa da ciwon bayansa. Yaya ya yi ta zagaye gari neman aiki har takalminsa ya buɗe baki, sannan wata safiya ya hau motar masu zuwa haƙar zinariya.

Can rezo, wato layin waya, sai an hau tudu ake samu. Da farko yakan rubuto mini dogon saƙo a waya, cike da kurakuran da nake jin daɗin gyarawa, in karanta wa mutanen gida. Daga baya ya daina rubutu, ya koma aiko wokal, wato ya danna ya yi magana. Muka lura bakinsa ya sauya. Ya faɗa cikin ƴan Najeriya, mutanen Sakkwato da Zamfara, ya fara cewa oga inda mu muke cewa shef, yana cewa fetur inda muke cewa isansi.

In saƙonsa ya shigo, bayan la'asar ake saurare. Nakan jefa wayar cikin kwanon sha don murya ta ƙara ƙarfi, Baba ya jawo kujerarsa, Gwaggo ta matso har kunnenta na taɓa kwanon. Gwaggo yayar Baba ce, tare muke zaune tun rasuwar mijinta, kuma har yau Auta take kiran Baba, da furfurarsa da komai. Inna kuwa ba ta zama cikinmu. Yaya ɗan farinta ne, ban taɓa jin ta kama sunansa ba, balle ta tambayi lafiyarsa a gaban mutane. Sai ta ɗauko faifan shinkafa ta zauna bakin madafa tana tsince duwatsun da babu su.

Rannan muryar ta fito daga kwano: "Salamu alaikum. Baba ina wuni, Gwaggo ina wuni, a gaida Inna. Ke sarkin surutu, ki yi karatu. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Aiki dai, to, ina maneji. A yi mana addu'a."

"Maido mini baya!" in ji Gwaggo.

Na maido. Ta saurara ido rufe, sai ta miƙe tsaye ta rangaɗa guɗar da ta sa akuyar maƙwabta ta amsa.

"Manaja! Auta, ka ji? Sun ba shi manaja! Na yi zaman aure a Maradi, ba wanda zai gaya mini maganar ƴan Najeriya. Gidan man da ke bayanmu manaja gare shi, ga tumbi ga makullai, ko gaisuwa ba ya amsawa sai da ka."

Baba bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Hajiya, zauna. Ba manaja ya ce ba, menaj ya ce. Na yi shekaru ina jin kalmar nan a gidajen injiniyoyi. Mai menaj shi ne mai share ɗaki, mai goge daɓe, mai wanke tukwane. Ɗana ya tafi neman zinariya ya ɓuge da wanke wa ƙarti kwanuka."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Kai dai tun kana yaro ba ka ganin alheri ko an aza maka shi a ka."

Na ce, "Ba ko ɗaya. Ingilishi ce, mun gamu da ita a aji. Ba sunan muƙami ba ce, ba sunan aiki ba ce, ita..." Na tsaya ina neman yadda ake cewa verbe da Hausa, sai na tuna wani malami a rediyo. "Ita aikatau ce."

Baba ya buga cinya. "Kin ji ko, Hajiya? Aikatau! Ga ƴar lakwal ma ta faɗa. Aikatau ya tafi yi a gidan mutane."

"Baba, ba wannan aikataun ba, na nahawu!"

"Ko na gidan wa ne, aikatau dai aikatau ne."

A nan ne aka ce in rufe baki.

Kafin Juma'a ta zagayo, babu gidan da Gwaggo ba ta kai labari ba a unguwarmu. Tafiyarta ma ta sauya, ta fara ɗaura ɗankwali irin na ranar biki don zuwa sayen gishiri. Mata suka fara sallama da hantsi, kowace da buƙatarta. Maƙwabciyarmu, mutuniyar Tawa, ta zo ta durƙusa har ƙasa: "Hajiya, ɗan ga nawa shina zamne ba shi komi. Ki hwaɗa ma manaja ya ɗauke shi, ko gadi na." Gwaggo ta gyara zama ta ce za ta duba, kamar ofis ɗin a ƙarƙashin gadonta yake.

Baba kuma ya daina zuwa fada shan shayi. Ranar da ya daure ya je, abokansa suka tashi suna miƙa masa hannu, suna barka da arziki. Ya dawo yana huci, wai sun san komai, ba'a suke yi masa. Gida ɗaya, ɗa ɗaya, wata tana rawa wani yana zaman makoki.

Ni abin ya ishe ni. Lokacin ina lise, babbar sakandare, Ingilishi kuwa a wurinmu ɗan rakiya ne, Faransanci ne mai gida. Na san na taɓa ganin kalmar, amma in ce ga ma'anarta daidai, ban iya ba. Da aka tashi aji na tare malaminmu na Ingilishi kafin ya kai ga babur ɗinsa. Mutum ne mai kirki, matsalarsa ɗaya: in ka tambaye shi hanyar kasuwa, sai ya fara da wanda ya kafa garin.

Ya koma aji da murna, ya ɗauki alli ya rubuta manage a tablo, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Kin san daga ina ta fito? Daga hannu. A tsohon harshen Rumawa akwai kalmar hannu, ita ce ta haifi main ta Faransanci da kika sani. Mutanen Italiya suka ƙera aikatau daga gare ta, suna nufin sarrafa doki, riƙe linzami, koya masa juyi a fili. Ingilishi suka aro ta a wurinsu. Tana hanya kuma sai ta gogi ménage ta Faransawa, ta kwaso ƙamshin tattalin gida. Shi manaja ɗanta ne, mai riƙe linzamin ma'aikata."

"Malam, a taƙaice."

"Ke ba ki da haƙuri."

"Ban da shi. Gwaggo ta ce manaja, Baba ya ce menaj. Wa ya yi gaskiya?"

Ya yi dariya har alli ya faɗi. "Duk sun kama jelarta, ba wanda ya kama kai. Ki dubi abin da ke bin bayanta. In abu ya biyo ta, kanti ne ko ma'aikata ko jama'a, to linzami na hannun mai magana. In wani aiki ya biyo ta, ana nufin an yi shi amma da ƙyar, kamar ki ce na samu na ƙetare. In kuwa ta tsaya ita kaɗai, ba abin da ya biyo..."

"Sai me?"

"To ba abin da ya rage wa mutum ya riƙe sai kansa."

Na ce na gode, na fita. Yana bina da cewa akwai sauran bayani a kan ƙarni na sha shida, na ce ya ajiye mini.

Daga ranar kunnena ya buɗe. Ashe kalmar tana yawo a kasuwar Arlit ban taɓa kula ba, a layin ƴan Najeriya. Inna ta aike ni sayen buta wurin wani Basakkwace mai kayan roba, murfin bai zauna ba, na ce ya sauya. Ya ce, "Hajiya ƙarama, ta ƙare, yi maneji da ita haka." Gaba kaɗan wani bakanike ya ɗaure wani abu a cikin mota da igiyar roba, ya rufe, ya ce wa mai motar za ta yi maneji har Agadez. Mai motar ya dubi sama ya ce Allah ya sa. Na tambayi wata mai tuwo yaya kasuwa, ta dubi tukunyarta da ba a taɓa ba, ta ce, "Muna maneji, ƴata." Ban ji wanda ya faɗe ta da tumbi da makullai ba. A bakinsu ta bar doki da linzami tuntuni, ta koma lallaɓawa: abu ya fashe ka ɗaure, ya ƙare ka ƙara ruwa.

A hanyar gida na gane wayon Yaya. Mu ma muna da irinta. Mutum na kwance ba ya iya ɗaga kai, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Amma da ya ce da sauƙi, da Inna ta gane nan take. Da ya ce ana fama, da Baba ya gane. Sai ya ari kalmar da ba mai ita a gidanmu ya ɓuya a bayanta. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi komai ba.

Na zauna a zaure na sake sauraren wokal ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da maneji a ciki, kuma bayanta ba kanti, ba ma'aikata, ba komai, sai iska tana kaɗa wayar. Na ja saƙonnin sama. Daidai inda rubutu ya tsaya, nan kalmar ta fara. Kada wani ya ce duba na yi. Hannun da malam ya yi ta nanatawa ne ya tsaya mini a rai, sai na tambayi kaina me zai hana mai son rubutu rubutu.

Na shiga madafa na sami Inna ita kaɗai. Na ce, "Inna, ke me kika ji a saƙon nan?"

Ba ta ɗago ba. "Wane saƙo?"

"Inna."

Ta juya miya, ta ɗanɗana, ta rufe. "Ni ban san Turancinku ba. Muryar dai ta rame."

Na danna waya a gabanta na ce, "Yaya, malaminmu ya ce kalmar nan taka ba ta tafiya ita kaɗai sai da dalili. Maneji da me? Ka amsa mini a rubuce. A rubuce na ce, ba wokal ba."

Amsa ta zo bayan kwanaki, wokal ce. Yana dariya: "Sarkin surutu, kin fara ko? Ki bar malam ya huta." Sai ya shiga ba ni labarin zafin rana, kamar a Arlit ƙanƙara ke zuba.

Ban ƙara tambayarsa ba. Na nufi tashar da motocin Tchibarakaten ke lodi. Akwai wani direba, Ba'abzine mutumin Dannet, dattijo mai rawani har hanci, da ke kai ruwa da kayan abinci can. Sun san juna da Baba tun zamanin Akokan. Hausarsa tana da kyau, sai dai namiji da mace duk ɗaya ne a wurinsa, wanda ya fara zuwa baki shi yake ɗauka. Na same shi yana ɗaure bido, jarkokin ruwa, a bayan mota, na gaishe shi, na gaya masa ƴar wane ce ni.

"A'a! Kai ne ƙanen yarinyar nan mai tsawo?"

"Baba, ni ce macen, shi ne namijin."

"To ai shi na ce." Ya ja igiya ya ƙulle. "Yayanka tana nan. Igiya ta ci hannunta."

Na ce ya yi mini dalla-dalla. Ya ce igiyar da ake jawo buhun dutse daga rami ce ta kuɓuce, Yaya ya cafke ta da hannun dama don kada buhun ya faɗa kan na ƙasa, ta tsaga masa tafi. Ya naɗe da tsumma ya ci gaba da aiki, hannun ya kumbura, yanzu ko cokali ba ya riƙewa da shi. Abokan aikinsa suka bar shi a rumfa yana tsaron bidon ruwa, yana dafa musu shayi da taliya da hagu.

"Na ce ta biyo ni a kai ta likita, ta ƙi. Hannun nan ba na wasa ba ne, ina gaya maka, ya fara wari. Amma wasu samarin unguwarku sun zo can suna tambaya ina ofishin manaja, suka same ta tana hura wuta. Tun ranar ta ce ba ta komawa Arlit. Ta ce da wane ido."

Na yi dariya, Allah ya sani na yi, don na hango samarin nan da kayansu a ka suna neman ofis a tsakiyar duwatsu. Kafin in kai bakin titi dariyar ta koma wani abu mai ɗaci. Guɗar Gwaggo ta yi tafiyar da ta fi ta mota, ta je ta tare masa hanyar gida.

Na shiga gida ko sallama ban gama ba, na zazzage musu komai a tsakar gida. Na ɗauka za a yi shiru. Ina!

"To ai ga shi!" in ji Gwaggo. "Shi ke riƙe da ruwan duka. Wanda ke riƙe da ruwa a hamada, in ba manaja ba ne mene ne?"

"Dafa taliya," in ji Baba, yana nuna ta da tabarau. "Hura wuta. Na ce menaj, aka ce ban iya ji ba."

"Hannunsa!" Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ji ta dawo daga bango. "Hannunsa na ruɓewa, ku kuna rabon wa ya ci gardama!"

Daga bakin madafa Inna ta ajiye faifai. Ba ta dubi kowa ba, ba ta kama suna ba.

"Mai hannun," ta ce, "a je a ɗauko shi."

Baba ya tashi ba tare da ya dafa bayansa ba, abin da na daɗe ban gani ba. Ya shiga ɗaki muka ji yana jan akwati, ya fito da tsofaffin takalmansa na rami yana kakkaɓe su. Ya ce in koma in gaya wa direban ya ajiye masa wuri a gaba, in motar za ta tashi da shi za ta tashi.

Na ce, "Baba, zuwa ba shi ne ba. Ko ka je ba zai hau ba. Ba zai shigo unguwar nan da hannu cikin tsumma yara na bin sa suna manaja, manaja ba. Ka san shi, kanku ɗaya."

Duk muka juya muka dubi Gwaggo.

"Me kuke kallona?"

"Ke kika naɗa shi, Gwaggo. Ke za ki sauke shi."

"Ni? Da girmana in bi gida-gida in ce ƙarya na yi? Wallahi ban yi ƙarya ba, kunne ne." Ta ja bakin zane ta share ido, don ita ma tana son sa, ita ta goye shi. Sai ta sassauta murya. "To mu ce murabus ya yi. Manyan mutane suna yi."

"A'a."

"Mu ce an yi masa canjin wurin aiki."

"Zuwa ina, madafa?"

"Auta, ka ji bakin ƴarka ko? Wannan lakwal ba ta yi mana rana ba."

Washegari akwai suna a gidan maƙwabciyarmu ta Tawa, jikanta aka haifa, kuma duk matan da suka taɓa durƙusa wa Gwaggo za su hallara a wuri ɗaya. Na san za a yi dariya. Za a yi ta sosai, har da riƙe ciki, wasu su kwana uku suna yi. Abin da na lura da shi kawai, dariyar unguwarmu ba ta da dogon numfashi, in ta ƙoshi takan kwanta ta nemi wani. Gara a yi ta yanzu, a kaina da kan Gwaggo, ta huce kafin motar ta juyo.

Sai na yanke shawara. Zan je sunan nan da wayata a hannu. In an gama cin tuwo, zan miƙe a tsakiyar mata in ba su darasin da malam ya ba ni, amma a taƙaice: ba manaja ba, ba menaj ba, mutum ne ya tare buhu da tafinsa don kada ya kashe ɗan wani, yana can yana lallaɓa kansa. Zan danna wokal tun daga farkon maganata har inda dariyar za ta ƙare a fara cewa Allah sarki, in aika masa duka, ya ji da kunnensa an gama, ba sauran abin da zai tarar. Sannan in ƙara masa da muryata: an sauke ka, Yaya, hau mota.

Na gaya wa Gwaggo tare za mu, a gefena za ta tsaya, da ɗankwalin bikin nan nata. Ta ce ƙafarta na ciwo, ba za ta iya tsayuwa ba.

Na ce ta yi maneji.